Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ƙarfe biyu da rabi na dare kiran Umma ya shigo. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Ku zo, Malam ya kasa numfashi," ta kashe. Maigidana ya tada mota, muka baro Hanwa, muka ratsa Tudun Wada babu kowa a titi sai karnuka da wani mai shayi da bai tashi ba, muka shige Ƙofar Doka. Ban san a baibai na sa hijabi ba sai da wata mata ta nuna mini a asibiti.

Mun tarar da Baba zaune a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, gumi ya jiƙa masa riga alhali damina ce, garin da sanyi-sanyi. Haki yake kamar wanda ya hau dutsen Kufena a guje, ƙirjinsa na wata ƙara irin ta tukunyar da ta fara tafasa. Ya dube ni ya ce, "Uwata…" sauran maganar ta maƙale. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Umma sai ƙoƙarin kwantar da shi take don ya huta, shi kuma yana ture hannunta. A lokacin na ɗauka rikicin ciwo ne. Ashe shi ne mai gaskiya, don da ya kwanta ruwan da ke huhunsa ƙara shaƙe shi yake.

A asibitin koyarwa na Shika, a nan Zariya, aka sa masa oksijin, aka yi masa allura a jijiya. Ba a yi awa ɗaya ba ya fara fitsari, ya yi ta yi, ya yi ta yi. Kafin a kira assalatu numfashin ya sauko, har ya nemi a miƙo masa dutsen taimama. Da gari ya waye likitar, wata matashiya da ba za ta girme ni ba, ta tara mu a bakin ɗaki ta ce, "Me ya canza a gida cikin makonni biyun nan?"

Muka haɗa baki, "Babu komai, likita. Lafiya lau ya yi isha'i ya ci tuwonsa. Farat ɗaya abin ya zo."

Ta ce, "A kawo mini ledar magungunansa."

Ƙanena ya hau mashin ya koma cikin gari ya ɗauko. Ta zazzage ledar a kan tebur, ta ɗauki kati-kati tana ƙirga guraben da aka ɓalle. Na hawan jini an sha kusan daidai. Da ta zo kan 'yar farar ƙwayar nan mai sa fitsari, furosemide, wadda kowa ke kira Lasix, sai ta ɗaga katunan sama don mu gani. Na wata guda aka rubuta masa kwana 24 da suka wuce. Ƙwaya 7 kawai aka ɓalle.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce mu raba abu biyu a ranmu: akwai abin da ya raunana zuciyar tun farko, akwai kuma abin da ke tayar da ciwon bayan ya kwanta. Na farkon, a wajen Baba, hawan jini ne na shekara 15, wanda ake shan maganinsa in kai ya yi ciwo a ajiye in ya daina. Zuciya ta yi ta tura jini da ƙarfin tsiya har namanta ya yi kauri, daga baya ta saki ta buɗe. Wannan shi ne mutane ke cewa "zuciyarsa ta kumbura", likitoci kuma su ce gazawar zuciya. Ba tsayawa ta yi ba, ƙarfinta ne ya ragu. Ni da nake koyar da yara, na fi gane shi da tsohon injin ban ruwa irin na 'yan fadamar Galma: yana ja, yana turawa, muddin ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ranar da ruwan ya fi abin da zai iya turawa, sai ya koma baya ya kwanta, a ƙafa, a ciki, a huhu. Abin haushin kuma ƙoda ce. Da ta ga jinin da ke iso mata ya ragu sai ta ɗauka fari ake yi, ta hau riƙe gishiri da ruwa, ta ƙara wa injin da ya riga ya gaji kaya.

Daga baya, da na shiga karance-karance irin na wanda ciwo ya shigo gidansu, na ga wani bincike da aka fitar a 2012 a kan majinyata 1,006 da aka kwantar da wannan ciwo a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya. Kusan 45 cikin 100 hawan jini ne ya kai su, kuma matsakaicin shekarunsu 52. A Turai ciwon tsofaffi ne, kuma toshewar jijiyoyin zuciya ce kan gaba wajen jawo shi. Mu a nan yana kama mutum yana tsakiyar neman abincin 'ya'yansa. Amma ba tushen ne ya sa na zauna rubutun nan ba. Sau uku aka kwantar da Baba cikin shekara biyu, kuma kowane karo sai mu ce farat ɗaya ya zo, in an bi sawu sai a ga ya yi makonni yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Da ya samu sauƙi na zauna kusa da shi na ce, "Baba, me ya sa aka bar shan wannan 'yar ƙaramar?" Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Uwata, tun ina saurayi alwalar azahar ke kai ni la'asar. Yanzu ina zaune a zaure da mutane sai in miƙe sau uku. Ran Juma'a ina sahun gaba a masallacin fada, liman na huɗuba, na tashi ina tsallake mutane kamar yaro." Ya sake yin shiru, sannan ya ƙara da abin da ya fi damuna: "Kuma ai kumburin ya sace."

Wannan "ai na warke" shi ne ramin da ya fi cin mutane. Kumburin ya sace ne saboda ƙwayar, ba don zuciyar ta koma yadda take ba. Ciwo ne da ake lallaɓawa. Sauran ƙwayoyin ma, lisinopril da carvedilol da spironolactone, ba ka jin aikinsu a jikinka yadda kake jin na maganin ciwon kai, shi ya sa suke da sauƙin yarwa, alhali su ne ke riƙe da zuciyar kada ta ƙara lalacewa.

Da muka zauna muna tuno kwanakin nan 24 sai kunya ta kama mu duka. Umma ta tuna ya ce a ƙaro masa filo, daga ɗaya ya koma uku. Anti, abokiyar zaman Umma, ta tuna tarin dare, har ta haɗa masa zuma da lemon tsami. Ƙanena ya tuna tsakanin gida da masallacin unguwa, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, Baba ya koma tsayawa sau biyu, in ka tambaye shi ya ce gaisawa yake da mutane. Ni kuma na ga zoben azurfarsa ya nutse a yatsa, na ce a raina Baba ya yi ƙiba, har na ji daɗi.

Maganin matsalar alwalar ya zo da sauƙin da ya ba ni haushi. Ƙwayar tana fara aiki cikin awa guda, ƙarfinta ya lafa bayan kamar awa shida. Likitar ta ce ya sha da ya dawo daga asuba, kafin azahar ta gama gudunta. Ran Juma'a kuma ya jinkirta ta sai an sauko. Da tun farko wani ya tambaye shi, ko shi ya faɗa, da ba mu kwana a Shika ba. Amma dattijon Bazazzagi ba ya zama gaban yarinya sa'ar 'yarsa ya ce mata fitsari ya dame shi.

Akwai wani dalilin da bai faɗa ba sai daga baya. Tun da kaya suka tashi a 2023 kuɗin magani ya zama abin da ake lissafi. Baba mai ɗinkin babbar riga ne, aska takwas da aska biyu duk hannunsa ya san su, amma ido ya yi rauni, aiki ya ragu, kuma ba mutum ba ne da zai ɗaga waya ya ce wa 'ya'yansa maganinsa ya ƙare. Sai ya koma tsallaken kwana don kati ya daɗe. Yanzu mun raba: ni ce mai saye duk ƙarshen wata, ba na jira a ce ya ƙare.

Karo na biyu shi ne wanda har yau in na tuna nake jin nauyi, don da hannuna a ciki.

Bikin ƙanwata ne. Mako guda Baba yana tashi yana zama yana karɓar baƙi, gwiwoyinsa suka ce ba su san zancen ba. Aka aiki yaro kemis ya ce ciwon gwiwa, aka ba shi "haɗi", ƙwayoyi biyar masu launi daban-daban a ƙulle cikin 'yar leda, babu kwali babu suna, a sha safe da yamma. Gwiwa ta saki kuwa, Baba har sa wa mai kemis albarka yake. Ya yi kwana goma yana sha. Ga abincin biki kuma yana shigowa ta ko'ina, wannan ta aiko da waina da miyar taushe, waccan da farfesu, abokan ango da balangu, ba wanda zai ce wa uban amarya kada ya taɓa. Ranar ɗaurin aure na gan shi ya take bayan takalminsa sau-ciki don ƙafar ta ƙi shiga. Na gani da idona. Na ce bari a watse tukuna.

Da aka watse sai ya kwanta, kasala, ba ya son abinci, cikinsa a cike. Aka kira wani mai allura da ke maƙwabtaka, ya duba shi ya ce gajiyar biki ce, jikinsa ya bushe, a ƙara masa ruwa. Ni na ba da kuɗin leda biyu. Ni na riƙe ledar farko kafin a samo ƙusar da za a rataye ta. A wannan daren muka sake ɗaukar hanyar Samaru zuwa asibitin Shika.

Likitan da muka tarar ya juya 'yan ƙwayoyin haɗin a tafin hannunsa ya nuna mana biyu: wannan diclofenac, wannan piroxicam. Wata 'yar mitsitsiya kuma ya ce ta yi kama da dangin dexamethasone. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, su sa ta riƙe gishiri da ruwa, su kashe kaifin ƙwayar fitsari da na hawan jini. Wato Baba yana shan Lasix ɗinsa a kan lokaci, haɗin kuma yana warware aikinta ta bayan gida. Dangin dexamethasone ma ruwa suke tarawa, su ɗaga hawan jini. Sai ruwan ledar: kowace lita ɗaya ta ruwan gishirin asibiti giram 9 na gishiri ce a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi mai lafiya ma kada ya kai giram 5 a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mu kuma mun ɗura wa mai gazawar zuciya kusan ninki biyu na wannan, da lita guda ta ruwa, kai tsaye cikin jijiya, a yammaci ɗaya. Kasalar da muka gani ba bushewa ba ce, ruwa ne ya riga ya yi masa yawa.

Mu Hausawa muna da imani da ƙarin ruwa kamar me. In an kai mutum asibiti ba a rataya masa leda ba sai mu ce ba a yi masa komai ba. Yana da ranarsa, mai amai da gudawa ruwan ne ke ceton sa. Amma ga mai irin ciwon Baba, wanda bai ɗora abin sauraro a ƙirjinsa ba, bai danna ƙafarsa ya gani ba, ba shi da hurumin rataya masa komai. Gwiwar kuwa, paracetamol aka ce, da man shafawa, da rage zaman tanƙwashe ƙafa a kan buzu.

Maganar gishiri ita ce ta fi ba mu wuya, don ta shiga madafa, kuma madafar gidanmu mata biyu ke da ita. Umma da ta ji bayanin likita sai ta yanke gishiri ƙaf, ranar girkinta miya lami. Anti kuma tausayi ya hana ta, ta ce mutum yana fama da ciwo a haɗa masa da yunwa? Ta daina barbaɗa gishiri, gaskiya ne, amma dunƙulen magi huɗu take jefawa. Sai ya zama ranar Umma Baba ya yi loma uku ya ture kwano, ranar Anti ya suɗe. Kun san abin da wannan ke haifarwa a gidan mata biyu, ba sai na faɗa ba. Umma ta kira ni tana huci, wai an mai da ita muguwa. Anti ta kira ni tana kuka, wai ana cewa ita ke kashe Malam.

Sai da na ɗauke su su biyun na kai su gaban mai ba da shawarar abinci a asibiti, don daga bakina ba za ta karɓu ba. A nan Anti ta ji cewa kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne, farin magi ma ɗan gidansu ne. A nan ita ma Umma ta sha mamaki, don ita ce mai jefa kanwa a wake da miyar kuka da ɗanwake, kuma sinadarin da ake gudu a gishiri, sodiyam, shi ne cike da kanwa. Yaji, kilishi, tsire, taliyar yara ta leda da garin ɗanɗanonta, kifin gwangwani, burodi ma da nasa. Har gishirin kantin nan da ake tallarsa wai na masu hawan jini an hana mu, don potasiyam ne a ciki, shi kuma Baba yana shan spironolactone da lisinopril masu tara potasiyam a jini, in ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa. Yanzu 'yar tukunyarsa daban ce ko ranar girkin wa: albasa da yawa, tafarnuwa, citta, daddawar da ba a sa wa gishiri ba, ɗan lemon tsami a ƙarshe. Ya yi wata biyu yana mita kafin harshensa ya saba.

Zancen kanwar nan ne ya buɗe bakin Umma a kan abin da ba a cika faɗa a gidanmu ba. Baba yana da ƙanwa, Goggonmu, da ta rasu tun ba a haife ni ba, tana cikin jegon haihuwarta ta biyu. Umma tana amarya lokacin. Ta ce bayan suna da 'yan makonni Goggo ta fara kumbura, ƙafa, fuska, ciki, ba ta iya kwanciya. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta. Maganin sanyi kuwa wuta, don haka aka ƙara zafin ruwan wanka, aka ƙara itace a ƙarƙashin gadon ƙasa, aka ƙara kanwa a kunu. Tana ƙara kumbura ana ƙara mata. Ba ta kai arba'in ba.

Abin da ban sani ba sai da na girma shi ne, sunan Zariya ya shiga littattafan likitancin duniya ta wannan ƙofar. Lokacin asibitin koyarwa yana Tudun Wada, kafin a koma Shika a 2005, wasu likitoci biyu, Davidson da Farfesa Eldryd Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, suka fitar da sakamakon a 1978. Sun ƙiyasta kusan haihuwa ɗaya cikin 100 a Zariya tana zuwa da wannan, kuma abin ya fi yawa a watan Yuli. Suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta: kanwa na tara ruwa, zafi na ƙara wa zuciya aiki. Binciken da likitocin Kano suka yi a shekarun baya-bayan nan ya nuna zancen ya wuce nan, don akwai ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, da rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki, kuma matan da ba su taɓa wankan jego ba ma suna kamuwa. Ni ba na cikin masu zagin kakanninmu, da abin da suka sani suka yi. Amma maijegon da ta kumbura tana haki, ko mene ne ya fara raunana zuciyarta, ƙara mata kanwa da wuta tura ta rami ne. Ƙanwar tawa da aka yi wa biki tana da ciki yanzu, kuma tuni mun fara wannan muhawara da dangin mijinta.

Karo na uku ba laifin kowa. Hunturu ne, watan Janairu, ƙurar nan da ke rufe Zariya har ba ka hango Kufena. Baba yana shan magani daidai, tukunyarsa daban, babu haɗi babu leda. Mura ta kama shi, ta koma tari, ta koma zazzaɓi, kwana huɗu sai ga haki. Hoton ƙirji ya nuna ciwon huhu, nimoniya. Zazzaɓi kowane iri, har na cizon sauro, yana sa zuciya gudu, jiki na neman jini fiye da kullum, huhu kuma ba ya ba da iska yadda ya kamata. Mai lafiya zai ɗauka ya wuce. Tsohon inji ba zai ɗauka ba. A wannan kwanciyar ce kuma na kama hannunsa na ji bugun ya rikice, biyu da sauri, shiru, uku da sauri, kamar makaɗin da kiɗa ya ɓace wa. Awon bugun zuciya ya tabbatar, aka ƙara masa maganin daidaita shi da na hana jini daskarewa. Wannan rikicewar bugun ita kaɗai ma tana iya kwantar da mutum.

Zaman jinya makaranta ne. A gadon da ke kusa da mu wani saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ƙofofin zuciyarsa suka lalace sanadin ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba. Can gefe wani ɗan kasuwa da jininsa ya hau sama da 200 a dare ɗaya bayan ya bar magani ya koma jiƙo. Wani ƙodarsa ce ta ja zuciyar ƙasa. Wata mata da muke haɗuwa wajen alwala ta ce 'yarta jini ne ya yi mata ƙaranci, zuciya ta yi ta gudu don ta cike giɓin har ta gaji. Likitoci suna duba toshewar jijiyar zuciya, suna duba maƙoƙo mai sa zuciya gudu, suna tambayar giya ko da sun ga mutum da carbi. Wani lokaci kuma a bincika duka ba a ga komai ba, ciwon ne kawai ya ƙara taku ɗaya.

Azumin da ya biyo baya likita ta ce kada ya yi. Zafin Maris, ƙwayar fitsari, ƙoda mai rauni, ga shan ruwa da yamma inda mutum ke ɗura kofi biyar na kunu da zoɓo a zama ɗaya ya bi da ƙosai da yaji. Baba ya yi hawaye, ban taɓa gani ba. Ba mu muka shawo kansa ba, amininsa ne, wani malami da suka yi allo tare, ya zo zaure ya karanta masa ayoyin Baƙara da shi ma ya haddace, ya ce, "Malam, sauƙin da Allah ya ba ka kake mayar masa?" Aka auna hatsi aka ciyar.

Yanzu akwai sikeli a ƙofar ɗakinsa, irin na hawa da ƙafa, na saya a kasuwar Sabon Gari. Kullum da safe bayan ya kama ruwa, kafin ya karya, zai hau da 'yar shara ɗaya, autanmu ya rubuta a littafi mai fallen arba'in ya ɗauki hoto ya turo mini ta WhatsApp. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce, in ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ba ƙiba ba, a kira likita ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. Sikeli yana ganin ruwan kafin ƙafa ta nuna, ƙafa kuma tana nunawa kafin huhu. In na je gidan nakan durƙusa in gaishe shi, in kai babban yatsa in danna ƙashin ƙaurinsa in ƙirga biyar. In wurin ya taso, alhamdu lillahi. In ya bar rami kamar an danna tuwo mai ɗumi, to akwai magana. Da farko yana janye ƙafar, yanzu da ya gan ni shi ke miƙo ta.

Makon jiya hoto ya shigo: Litinin 71, Talata 72, Laraba 73 da rabi. Na tashi daga makaranta ban biya gida ba. Na zazzage leda na ƙirga, daidai. Babu zazzaɓi, babu tari. Umma ta rantse, Anti ta rantse, karon farko da na ga bakinsu ya zo ɗaya. Na kira likita, ta ce a ƙara ƙwayar fitsari na kwana uku yadda ta tsara mana, in bai sauka ba ko numfashi ya canza mu taho, sannan ta yi tambayar tata: me ya canza?

Autanmu ne ya kai ni zaure da ido. Na ɗaga gefen buzun da Baba ke zama, ƙarƙashin wata rigar da ya fara yi wa aska biyu ya ajiye, sai ga ƙunshin takarda ya yi naso da mai. Kilishi. Wani tsohon yaronsa da ya koya wa ɗinki ne ya zo gaishe shi ranar Lahadi ya kawo tsaraba, har da ƙullin yaji.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Yaro ya taso tun daga nesa ya kawo, in ce masa ya koma da shi?"

"Ba a ce a mayar ba. An ci nawa?"

Ya dubi autan, irin kallon da ke cewa za mu haɗu. Sannan ya ce, "Uwata, ɗan ɓalli ne. Safe da yamma."

Jikoki aka kira suka cinye sauran a gabansa, yana ta yi musu faɗa wai suna zubar da yajin a ƙasa. Ranar Asabar sikeli ya koma 71 da rabi.